Da muka tashi gyaran gidanmu na Gwammaja, ruwa muka fara bi

A Kano idan aka ce wane ya gyara gida, abin da ido ke fara nema shi ne sabon get, fenti a bangon waje, da silin mai ado a falo. Da kuɗin adashina suka fito, shawarar da abokai suka ba ni ke nan. Sai dai gidanmu gidan gado ne, rabinsa ginin ƙasa, rabinsa bulo, kuma masu wuni a cikinsa, wato Hajiya mahaifiyata da maiɗakina da yara, babu wanda fenti ya dama. Da na tambaye su me ya fi takura musu, kowa ruwa ya ambata: wanda ake saye a hannun 'yan garuwa, da wanda ke kwanciya a tsakar gida duk watan Agusta.

Da na tsakar gidan muka fara. Tsofaffin gidajen cikin gari suna da matsala iri ɗaya: shekara da shekaru ana ciko a lungu, ana ɗaga kwata, har lungun ya fi gidan tudu. Ruwan sama kuwa ba ya hawa, sai ya zauna a gindin bango, ginin ƙasa ya jiƙe, na bulo ya riƙa tsattsafo da gishiri-gishiri yana zubar da filasta. Maginin da na ɗauko, wani dattijo, ya zagaya da siririn tiyo mai ruwa a ciki yana auna tudu da kwari, sannan ya ce: "Alhaji, ko tayil ɗin zinare ka shimfiɗa a nan, in ba a ba ruwa hanya ba, shi zai nema wa kansa." Muka yi ciko, aka sake daɓe da gangara, wajen santimita 2 a kowace mita, aka bi da bututu mai kauri ta ƙarƙashin soro zuwa kwata, aka sa masa raga a baki saboda leda da ɓeraye. Indararo biyu da ke zuba a jikin bango aka haɗa su da bututu zuwa ƙasa. Wannan aikin ya fi kowanne cin siminti, kuma babu baƙon da zai shigo ya lura da shi. Amma daminar da ta biyo baya ba wanda ya tashi da tsakar dare yana kwalfe ruwa da bokiti.

Sai ruwan amfani. Rijiya muke da ita tun ta kakanni, ba ta ƙafewa sai can ƙarshen bazara. Burtsatse ya fi ƙarfin aljihuna, don haka muka yashe rijiyar, aka yi mata murfin kankare, aka sa ƙaramin injin jan ruwa da tanki mai cin lita 1,000 a sama. Abin da mutane ke mantawa shi ne lita ɗaya kilo ɗaya ce, ke nan tankin idan ya cika tan guda ne. Ba abin ɗorawa a kan rufin azara ba ne. Na je Ƙofar Ruwa da mai walda muka zaɓo ƙarfe mai kauri, aka yi masa hasumiya da ƙafafu a cikin kankare. Muka kuma yi masa rumfa, domin baƙin tanki a ranar Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ruwansa sai ya ƙona hannu da azahar. Wani abin kuma da ba a wasa da shi: tazarar rijiya da masai. Masana lafiya na cewa kada ta gaza mita 15, kuma a gidajen cikin gari har da masan maƙwabci ake lissafi. Namu ruwan wanka da wanki da wanke-wanke ne, na sha kuwa dafa shi ake yi.

Daga tankin aka ja famfo uku: kicin, banɗaki, da wani a gefen tsakar gida inda aka gina ɗan dakali na alwala. Wannan dakalin shawarar Hajiya ce. Cewa ta yi: "Kai dai ka yi min inda zan zauna in wanke ƙafa ba sai na durƙusa ba." Yanzu a nan yara ke wanke hannu, a nan ake wanke shinkafa ranar suna, kusan ya fi kowane lungu na gidan aiki.

Banɗakin ma saboda ita aka sauya shi. Tayil mai sheƙi kyau gare shi a shago, amma idan ya haɗu da ruwan sabulu, hanyar asibitin ƙashi na Dala ce. Muka sa mai kaushi, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango, aka sa masai na zama, aka cire dokin ƙofar da take tuntuɓe da shi. Ƙofar ma waje take buɗewa yanzu, don in mutum ya faɗi a ciki a iya kai masa ɗauki.

A kicin, maiɗakina ce ta tsaya kafinta ya auna kantar girki daidai tsayinta, da katakon da muka sayo a 'Yan Katako na Na'ibawa. Tukunyar gas aka fitar da ita waje cikin keji mai ramuka ta ƙasa, tunda gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Murhun gawayi bai tafi ko'ina ba, an dai yi masa rumfa a waje, don tuwon taro ba ya yiwuwa a kan gas.

Zafi ne abin da ban ce mun gama da shi ba. Ɗakunan ƙasa na kakanni, masu kaurin bango, sun fi na bulo sanyi nesa ba kusa ba, shi ya sa na ƙi yarda a rushe su duk da matsin 'yan'uwa. Yaɓe kawai aka sabunta. Na bulon aka fasa musu taga ta biyu da ke kallon ta farko don iska ta ratsa, aka buɗe ƙananan ramuka a sama inda zafin kwano ke taruwa, aka sa raga saboda sauro. Sai dai tagar da ke kallon arewa maso gabas ita ce ƙofar ƙurar hunturu, dole ta zama mai rufuwa ruf, in ba haka ba daga Disamba zuwa Fabrairu shara ba ta ƙarewa.

Janareta kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama kayan ado a soro. Ragowar kuɗin na sa ƙaramar sola, daidai fankoki da ƙwayayen fitila da cajin waya, ban da firji da dutsen guga. Faifan yana kallon kudu, kuma da hunturu babban ɗana ke hawa ya goge shi duk mako, domin ƙura na rage masa ƙarfi sosai. Na sa mai wayarin ya raba layin sola da na wutar gwamnati, ya kuma bar bututu a bango saboda ranar da za a ƙara batir.

Get ɗin har yau tsohon ne, mai ƙara idan an tura shi, kuma abokaina ba su daina tsokanata a kai ba. Idan adashin bana ya fito, rufin ɗakin yara ne a gaba, don kwanonsa ya fara yoyo ta wajen ƙusoshi.