Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar zomonmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, zomonmu da ya karye a ƙaurin ƙafar baya ya taka, hoton ƙashi na ƙarshe ya nuna karayar ta haɗe bayan mako 8. Muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, kuma za mu faɗi abin da kowa ya yi, ko wani mai zomo ya amfana.

Godiyar farko ga ɗan'uwan da ya hana a ja ƙafar ko a ɗaura mata sanda a gida. Ƙashin zomo bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, na kyanwa kuwa yana kai wa 12 zuwa 13. Ga ƙashi siriri, ga tsokar cinya mai ƙarfi, shi ya sa idan ya karye yakan farfashe. A ƙauri nama kaɗan ne, motsi kaɗan zai sa tsinin ƙashi ya huda fata, ƙwayoyin cuta su shiga. Mugunyar zomo kuma kauri gare ta, ba ta tsiyaya, magance ta a cikin ƙashi aiki ne ja. Abin da ɗan'uwan ya yi shi ne daidai: ya lulluɓe zomon da tawul, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ya sa shi a ƙaramin kwali, sai asibiti. Ba a ɗaukar zomo ta kunne, domin shuri ɗaya a iska na iya karya masa ƙashin baya.

Likita, Allah Ya saka da alheri. Kun ɗauki hoto ta fuska biyu kafin ku yanke shawara, domin da ido ba a bambance karaya da targaɗe ko gocewar gaɓa. Kun kafa siraran ƙarafa a ƙashin, kuka haɗa su da sanda ta waje. Kun kuma hana a bar shi da yunwa kafin tiyata, tunda zomo ba ya amai, kuma barin cikinsa wayam haɗari ne. Maganin zafin da kuka rubuta, meloxicam, an auna shi ne da nauyinsa. Gargaɗinku muna maimaita shi ga kowa: kada a ba zomo amoxicillin, penicillin ko clindamycin ta baki. Suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, gudawa ta biyo baya, sau da yawa ta kai ga mutuwa. Maganin mutum ma kada a gwada sai da izinin likita.

Godiya ta musamman ga 'yan'uwa mata da suka yi jinyar dare da rana, domin a nan ne aka fi rasa zomaye. Ciwo kan hana zomo cin abinci, hanjinsa ya tsaya, wannan kuwa ya fi karayar saurin kisa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a garzaya da shi asibiti. Ba kasafai zomo ke kuka ba. Takurewa wuri guda da cizon haƙora da ƙarfi su ne alamar yana shan wuya. Kun riƙa ba shi abinci mai ruwa da sirinji, mililita 10 zuwa 15 duk bayan awa 4 zuwa 6, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, yana tsugune a kan ƙafafunsa don kada ya shaƙe. Busasshiyar ciyawa da ruwa a kwano mara zurfi kullum suna gaban bakinsa.

Kun duba yatsunsa safe da yamma: kumburi, sanyi, wari ko jiƙewar bandeji, duk a sanar da likita a ranar. Kun kuma lura da kashin nan mai laushi da zomo ke sake ci daga duburarsa. Mai karaya ba ya iya lanƙwasawa ya kai gare shi, sai ya manne a gashi, ƙudaje su yi ƙwai, tsutsa ta fito cikin ƙasa da kwana ɗaya in ana zafi. Gogewa da ruwan ɗumi da busarwa sosai suka kare shi.

Wanda ya gyara keji ma mun gode. Ya cire daɓen waya, wanda a cikinsa ƙafa ke maƙalewa, ya shimfiɗa tawul mai kauri, ya rage faɗin wurin don kada a yi tsalle. Shimfiɗar ta taimaki lafiyayyar ƙafar, wadda nauyi ya koma kanta, dunduniyarta ba ta yi gyambo ba.

Ga waɗanda suka kira suka yi jaje da addu'a, mun gode. Yanzu yana fita minti 10 a kan shimfiɗa mara santsi, ana ƙara lokacin a hankali kamar yadda likita ya tsara. Allah Ya bar zumunci.