Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Filin da Baffa Ya Kira Ciyawa

A makon jiya na tsaya ne a ranar da Kaka ta fara kai ni filin furannin nan da ba a taɓa sa masa garma ba. Babu wanda ya shuka komai a wurin, abin da ƙasa ta ga dama shi take fitarwa, shi ya sa har ya bar duniya Baffa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ciyawa".

Ka'idar Kaka ɗaya ce: "Zauna ka zama kututture." Da sassafe mukan zauna domin tsuntsaye, kuma a nan na fara ganin alhudahuda kusa da ƙafata, yana caka dogon bakinsa cikin ƙasa yana zaro tsutsa, yana buɗe tukkunsa yana rufewa. Malam-buɗe-littafi kuwa sai hantsi ya dubi ludayi yake tashi, domin ba ya iya shawagi sai rana ta ɗumama jikinsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai ruwan goro, wanda ƙarshen fikafikansa baƙi ne da ɗigon fari. Kaka ta juya mini ganyen tumfafiya, sai ga tsutsarsa mai ratsin baƙi da fari da rawaya tana ci hankali kwance. Dafin ganyen yana zama a jikinta har bayan ta yi fikafikai, saboda haka yawancin tsuntsaye ba sa kusantarsa. Sai da na yi furfura na karanta cewa ɗan'uwansa na Amurka yana tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa Meziko, kuma share irin wannan tsiro daga gonaki yana cikin dalilan raguwarsa. Na so a ce Baffa yana raye in karanta masa, ko da yake na san zai ce ciyawa ce.

Baffa ne ya sa aka sare filin tun furanni ba su zubar da iri ba, kuma bai shawarci Kaka ba. Washegari ta koma wurin kamar yadda ta saba, ta zauna a kan dutsenta, ni ma na zama kututture a gefenta har rana ta take tsaka. Balbela kaɗai muka gani tana tsintar fara a cikin saran.