Ga Ƙannena Masu Jinya Ta Hanyar Zantawa: Ku Ci Gaba Da Kai Aikinku A Duba

Cibiyar da Max Eitingon da abokan aikinsa suka buɗe a birnin Balin na Jamus a 1920 ita ce ta daidaita horon mai aikin saikoanalisis, wato jinya ta hanyar zantawa, a kan abubuwa uku: ya karanci ƙa'idoji a aji, ya riƙa kai bayanin marasa lafiyarsa gaban ƙwararre ya duba, sannan shi kansa ya zauna gaban wani a yi nazarin abin da ke ɓoye a zuciyarsa. Ƙannena, bayan na karɓi takardar shaida na riƙe na farkon da hannu biyu, na saki sauran biyun, ina ganin cewa littattafai da tarukan bita sun isa a ce ina ƙara ilimi. Littafi kuwa ba ya ganin abin da ya gudana tsakaninka da mara lafiya bayan an rufe ƙofa.

Wani dattijo, wanda na sauya wasu bayanansa saboda sirri, ya riƙa zuwa wurina saboda rashin barci bayan rasuwar matarsa. Yana ce mini "ɗana", ina ce masa "Baba", kuma haka ya dace. Sai dai duk sa'ad da zance ya kai kan babban ɗansa da ya daina zuwa gaishe shi, muryarsa takan yi rawa, ya cire hula ya shafa kai, ni kuma nan take in ce, "Sai haƙuri, Baba, Allah ya shirya." Ya ce amin, ya mayar da hular, mu koma zancen barci. Lokacin zama kan wuce ban iya ce masa ya ƙare ba. Da ya daina zuwa, sai na rubuta a fayil cewa ba ya son buɗe zuciyarsa.

An daɗe kafin na karanta wa wata babbar malama a wannan fanni bayanan zaman. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "A cikinku wa ya rufe maganar? Kuma wa yake tuna maka?" Mahaifina yake tuna mini, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, wanda kuma tarbiyya ba ta ba ni damar yi masa tambaya ba. Girmama dattijo ba laifi ba ne, haƙuri ma abin faɗa ne a wurinsa, amma ni na faɗe shi ne don in tsare kaina daga ganin kukan uba, alhali shi ya zo ne neman wurin da zai yi kukan.

Abin da ya fi damuna shi ne na san wannan darasi a takarda. Sigmund Freud da kansa, wanda ya kafa wannan fanni, a bayanin da ya wallafa a 1905 kan budurwar da ya sakaya da suna Dora, wadda ta yanke jinya bayan mako 11, ya amince cewa bai lura da wuri ba da yadda take ɗora masa irin alaƙarta da mazan da ke rayuwarta. A 1910 ya yi gargaɗi cewa likita ma yana da nasa martanin na ɓoye, ya ɗauke shi cikas da ya kamata a shawo kansa. A 1950 Paula Heimann, a Landan, ta nuna cewa abin da likita ke ji a zaman kayan bincike ne, idan ya iya riƙe shi ya duba maimakon ya aikata abin da yake tura shi. Nauyin da nake ji a gaban dattijon da ya iya gaya mini wani abu game da yadda ɗansa ke ji a gabansa, da na sami wanda zan duba shi tare da shi.

Don haka kada ku raina na ukun, wato ku kanku ku zauna gaban wani a yi nazarinku. A 1937 Freud ya ba da shawara cewa kowane mai wannan aiki ya koma a sake nazarinsa kusan duk bayan shekara biyar, ba tare da jin kunya ba. Wanzami ba ya son jarfa, kuma a wurinmu akwai ƙarin tsoron a ce likitan ƙwaƙwalwa shi ma yana ganin likita, amma wanda bai taɓa zama a kujerar mara lafiya ba ba zai san nauyin abin da yake nema a wurin mutane ba.

Karatun ma ku faɗaɗa shi ya wuce Viyana, birnin da Freud ya yi aikinsa. Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda suka yi nazari a kan marasa lafiyar asibitin Fann na Dakar a zamanin da Henri Collomb ke shugabantar sashen ƙwaƙwalwa a can, sun wallafa a 1966 cewa inda uba ke da matsayin da ba a ja da shi, hamayya takan karkata zuwa ga 'yan'uwa da tsararraki. Ba sai kun karɓi duk abin da suka faɗa ba, domin Senegal ba ƙasar Hausa ba ce, amma da na karanta su tun farko da na tambayi kaina yadda zan yi aiki da sa'an mahaifina.

Na san ƙwararrun da za su duba muku aiki ba su da yawa a yankinmu. Ku nema ta intanet, idan kuma kuɗi bai kai ba, ku bi hanyar da Michael Balint ya ɗauka da likitocin Landan a shekarun 1950: ƙaramin rukuni ya riƙa haɗuwa a kai a kai, mutum ɗaya ya ba da labarin mara lafiyar da ya tsaya masa a rai, sauran su tattauna alaƙar da ke tsakaninsa da mara lafiyar maimakon su koya masa magani. Ku rubuta zama da zarar ya ƙare, da abin da aka ce da abin da kuka amsa, har da maganar da kuke jin kunyar an ji kun faɗa, domin yawanci ita ce mai duba aiki zai fi bukata. Ku cire suna da unguwa da sana'a kafin ku gabatar, kada ku tura bayanan a zauren WhatsApp, kuma idan wani a rukunin yana iya gane mutumin, ku kai batun wani wuri dabam.