Man birki tsufa yake yi tun kafin ya ƙare

Ina shekara ta uku da fara koyon kanikanci a Jos, wani direban haya mai bin hanyar Akwanga ya kawo mota a duba masa birki. Maigidana ba ya nan, ni na karɓe shi. Na leƙa ɗan tankin man birki, na ga ya kusa layin sama. Na kwance taya na duba fatar birki, wadda ke matsewa ta tsayar da taya, da sauran kauri. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, birkinka lafiya lau."

Bayan kwana biyu ya dawo jikinsa a sanyaye. Yana gangaren Hawan Kibo, mota cike da fasinja da kaya, ya yi ta taka birki, can sai ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, babu abin da ya kama. Allah ne Ya kiyaye, da giya da birkin hannu ya samu ya tsaya. Abin da ya ɗaure masa kai, da ya zauna kamar rabin awa sai birkin ya dawo.

Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya sa na zuƙo man na zuba a farar kwalba, ya ajiye sabo kusa da shi. Sabon garau kamar tataccen man gyaɗa, na motar kuwa kamar shayin da ya kwana. Ya ce, "Yaro, ka duba yawansa, ka tambayi shekarunsa?"

Ranar na fahimci aikin man nan. Abu mai ruwa-ruwa irin man nan ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka birki, ƙarfin ƙafarka ke bin bututu ya je ya matse fata a kowace taya. Iska kuwa tana matsuwa, haka ma tururi. Shi kuma man da muke sayarwa, DOT 3 da DOT 4, yana da hali ɗaya: yana zuƙar laima daga iska sannu a hankali, ta murfi da ta tiyon roba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da zarar ruwan da ya shiga ya kai kashi 3 da ɗoriya cikin 100, sai su sauko wajen 140 da 155. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. A doguwar gangara da lodi ne tayoyi ke ɗaukar zafi, man ya tafasa, tururi ya cika bututu, ka taka ka ji wayam. In ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, direba ya ɗauka abin ya wuce. Wannan dawowar ita ta fi ba ni tsoro, don ita ke hana mutane zuwa gareji.

Tun daga nan na daina yi wa mutane ciko ido rufe. In mai ya ragu, ko dai fata ta cinye, ko kuma yana yoyo wani wuri, dole in gano wanne ne. Kamfanonin mota da yawa shekara 2 suke cewa a zubar da tsohon a sa sabo, a fitar da iska taya bayan taya, kuma kuɗin aikin bai kai na taya ɗaya ba.

Akwai abin da har yau yake ɓata mini rai: masu zuba ruwan omo ko man giya in man birki ya yanke musu a hanya. Ruwan yana tafasa a digiri 100, ya kuma sa ƙarfe tsatsa, man giya ko na inji yana kumbura robobin ciki har su lalace. DOT 5 ma, na silikon, ba a haɗa shi da DOT 3 ko DOT 4, duk da sunan ya yi kama. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe a kanta kuwa, ta riga ta sha laima, ba na zuba wa kowa.

Direban nan bai daina zuwa wajenmu ba. Motarsa ce ta farko da na liƙa wa 'yar takarda a jikin tanki, na rubuta wata da shekarar da aka canza man, kuma yanzu kowace mota na yi wa wannan aiki sai ta fita da irinta.