Langa da carafke a gidan biki

Sana'ata shirya wa yara wasa a wurin biki. Ni da 'yan mata biyu da saurayi guda muke aikin nan cikin Maradi: bikin ranar haihuwa, walimar sauka, shagalin rufe lakwal idan shekarar karatu ta ƙare, wani lokaci har suna, in gida ya cika da 'ya'yan baƙi an rasa yadda za a yi da su. Kayan aikinmu adaidaita guda ke kwashe su: tabarmi, igiya, alli, ƙaramar ganga, da ƙyallaye kala biyu na raba ɓangare.

Wasannin kuwa na kaka da kakanni ne, sai dai don dandali aka yi su, da farin wata, tsakanin yaran unguwa ɗaya da kowa ya san ƙarfin kowa. A gidan biki yaran ba su san juna ba, akwai ɗan shekara 3 akwai ɗan 12, kowa cikin sabuwar shadda, lokacinmu kuma daga la'asar ne zuwa gab da magariba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, sai rana ta yi sanyi sosai muke farawa. Aikina shi ne in sa wasan dandali ya shiga wannan ɗan wuri ba tare da ya lalace ba.

Da jini-jini nake buɗewa, don ba ya buƙatar a san sunan kowa. In ce akuya da jini, su amsa ja. In ce dutse da jini, wanda ya amsa ya faɗi. Mun ƙara mota da salula cikin jerin, nan ne ma suka fi ruftawa. A da dukan tsiya ake yi wa wanda ya kuskure. Mu dai ya fito tsakiya ya yi kukan jaki ko na zakara, a yi dariya, ya koma layi.

Langa ita ce mai wuyar sha'ani, ita kuma aka fi nema. Yaro ya kama ƙafa guda ta baya, yana tsalle da guda, 'yan ɓangarensa na kare ruwa, wato ɗan wasan da suka zaɓa ya kai wurin ci, har ya je ya sha, abokan karawa na neman kayar da shi. A kan rairayi faɗuwa ba komai ba ce. To yawancin gidajen da ke kiranmu a Ali Dan Sofo da Zariya tsakar gidansu daɓen siminti ne, wasu ma har da santsi. Shi ya sa nake zuwa duba gida kafin ranar. In akwai fili a ƙofar gida, mai amalanke ya kawo rairayin gulbi tun jajibiri, mu baje, mu tsince ƙaya da kwalba. In babu, to babu langa, ko nawa za a biya. Tazarar ma na rage ta, na hana bangaza ga 'yan ƙasa da shekara 7, kuma zama ruwa zagayawa yake yi. A dandali ƙaƙƙarfa ne ke riƙe shi kullum; a wurina sai ƙaramin cikinsu ma ya ɗana.

Carafke ta 'yan mata ce, amma hannun yaran yanzu bai saba da cafe dutse ba. Tela ya ɗinka mana 'yan ƙananan jakunkuna cike da wake, ba sa gangarewa, ba sa fasa goshi. Matsalar carafke iyaye mata ce: da sun hango, sai a aje gyale a ce bari a nuna wa yaran yadda ake yi, shi ke nan tabarma ta zama tasu. Yanzu tabarma biyu nake shimfiɗawa.

A-sha-ruwan-tsuntsaye na aje shi gaba ɗaya. Kokawa kuwa ba yadda za a yi maza su ƙyale ni, a garin Kantu, ɗan kokawar da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975. Ina bari, amma tsara da tsara, a kan rairayi, kuma sai uban yaro ya yarda.

Inda muke ɗan jayayya da masu gida shi ne kyauta. Sau da yawa uwar biki kan ce, «Tanti, a ba kowa kyauta iri ɗaya, kar wani ya yi kuka.» Nakan ce, «Hajiya, alewa da lemo kowa zai samu, amma wanda ya ci sai an faɗi sunansa.» Yaro ya san lokacin da aka kayar da shi, in aka ɓoye masa ma raina wasan yake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya fita ya zauna zugum. Ganga nake miƙa masa, ko ya zama mai ƙirga ci.

Kuɗin aiki ya danganta da yawan yara da ko za a kawo rairayi. Da damina, wajen Yuli da Agusta, ba na karɓar biki sai gidan na da rumfa ko babban zaure, don in hadari ya taso sai mu koma ciki da carafke da tatsuniya.