Kaset Ɗin da Na Shafe da Hannuna

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a rumfata a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ana sauke buhunan albasa daga motar da ta kwana biyu a hanya, sai wayar ɗan ƙanena ta yi ƙara a kan benci. Na ga sunan da ya fito, Kaka, na kuma ga yadda yaron ya kife wayar, ya ce zai kira anjima domin tsohon ba ya gajiya da labarin yaƙi. Kakansa ne na wajen uwa, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970. Ban tanka masa ba a lokacin, saboda ban ga bakin da zan yi masa faɗa da shi ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan mazan jiya ne. Daga wani ƙaramin gari kusa da Malumfashi aka ɗauke shi soja yana saurayi, ya shiga runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1943 suka tura Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, domin ta yaƙi sojojin Japan. Daga nan Legas suka hau jirgin ruwa, suka zagaya ta kudancin Afirka har suka sauka Indiya. A kwarin kogin Kaladan suka yi yaƙi, cikin daji da duwatsun da mota ba ta shiga, kaya a ka, abinci kuma sai jirgin sama ya jefo musu. Ya dawo gida bayan yaƙi ya kama noma da gadin makarantar firamare, ya yi mata biyu, ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, kuma har ya tsufa shi ne mai tashin gidan kafin kiran assalatu, yana buga ƙofofi kamar za a fita fareti. Ya rasu ya haura shekara tamanin da biyar.

Kusan duk abin da na faɗa game da yaƙin, ba daga bakinsa na ji ba. Wani tsohon hafsa da muke salla tare a Agege ne ya warware mini shi, shekaru bayan an rufe Baba.

Na zo Legas a ƙarshen shekarun 1980. A wancan lokacin babu wayar hannu, domin sai daga 2001 ta fara yaɗuwa, saboda haka saƙonmu kaset ne: mutum ya yi magana a rakoda, ya ba direban motar kaya ya kai. Wata rana direba ya miƙo mini kaset daga Baba. Bayan gaisuwa da batun taki, sai ya ce tun da Allah ya kai ni garin da suka hau jirgi, zai ba ni labarin tafiyar tun daga farko, kuma in na samu sarari in je bakin ruwa in duba masa wurin. Na saurari abin da bai wuce minti biyar ba, aka kira ni wajen awo, na kashe. Da direban zai juya, ba ni da wani kaset a hannu, sai na danna maɓallin ɗauka a kan nasa, na lissafa masa farashin albasa da kuɗin da na aiko da yadda za a raba su. Bai sake aiko mini da wannan labari ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na sha gaya wa kaina cewa ban yi wani babban laifi ba, kuma har yau akwai ranakun da nake yarda da hakan. Kowa haka yake yi da kaset a lokacin. Ni na yi wa gidan rufin kwano, ni na yi wa ƙannena mata uku kayan ɗaki, kuma ba da labarin Bama ake sayen gero ba. Wanda bai taɓa kwana a kan buhu a Legas yana gadin kayan mutane ba, zai iya zagina cikin sauƙi. Amma kuma na san cewa lokacin da nake cewa ba ni da shi, ina samunsa in zauna hira a majalisa har dare ya raba. Ina zuwa gida sau ɗaya a shekara, da Babbar Salla, in kwana uku, biyu daga ciki a wajen abokai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata kalma da Baba yakan ambata, wadda muke yi wa dariya muna yara saboda nauyinta a baki. Sai da hafsan nan ya faɗe ta na gane cewa Myohaung ce, garin da sojojinmu suka ƙwace a watan Janairun 1945, kuma shi ne sunan barikin da ke Yaba, wanda na wuce ta gabansa a motar haya ta danfo ban san adadi ba. Barikin Arakan da ke Apapa da na Dodan da ke Obalende, duk daga can aka samo sunayensu. Shekara ashirin ina yawo a cikin tarihin ubana ina neman canji.

Bayan sadakar uku muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Akwai lambobin yabo a naɗe cikin tsumma, akwai takardar sallama da gara ta ci rabinta, akwai kuma kaset ɗin nan. Muka sa, sai muryata ta fito tana lissafin buhuna.

Na yi niyyar in jera muku shawarwari da yawa, ku matasa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. In tsoho ya kira ka, ka ɗauka. Wayar da kuke shafawa dare da rana kuna kallon rawar mutanen da ba su san da zamanku ba, tana ɗaukar murya fiye da rakodar da na saya da kuɗin wata guda, saboda haka ku ɗauki maganarsa, ku tambaye shi sunayen wurare da na abokansa da suka mutu, ko da ya maimaita sau goma. Ku je gida ku zauna kusa da shi a kan tabarma, ba ku tsaya a bakin zaure kuna duba agogo ba. Ban ce ku bar neman ku ba, domin tsoho ma sai ya ci zai yi labari, kuma wanda ya bar rumfa babu dalili kada ya zo mini da kukan babu. Yadda za ku haɗa biyun ku kuka sani, ni dai ban iya ba. Amma aƙalla mu wahala ce ta ɗauke mana hankali, ku kuwa ban ga abin da ya ɗauke naku ba.

Da yammar wannan Asabar na kira ɗan ƙanen nawa na ce: "Kai, zan ba ka kuɗin mota, ka je ka yi mako guda wurin kakanka, ni zan tsare maka wurinka." Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce: "To Baba, in Allah ya yarda, amma a bari sai da Babbar Salla." Na ce masa motar albasa za ta juya ranar Talata, kuma na riga na yi magana da direban.