Yadda nake kai baƙi tsohon birnin Zanzibar

Ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye nake da shi a Kano, kuma galibin waɗanda nake kaiwa Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, ango da amarya ne da suka ga hotunan bakin teku a waya. Abin da nake dagewa a kai shi ne su kwana biyu a tsohon birni, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, kafin su wuce shaƙatawa, domin a nan tarihin tsibirin yake, kuma tun 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wahalar aikin tana farawa daga kaya. Lungunan garin matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, saboda haka nakan shirya da masu kura tun kafin jirgi ya sauka. Ba na shirya tafiya tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi.

Da hantsi muke fara zagaye daga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, sai Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rufta a Disambar 2020. Na fi so mu daɗe a gaban ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Wata hajiya ta taɓa tsayawa tana karanta rubutun wata ƙofa har ƙarshe, hannunta a kan katakon, ban katse ta ba ko da yake lokaci ya ƙure mana.

Wurin da ba na yarda a tsallake shi ne tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda cocin Angilika yake yanzu. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin ƙuntatattu ne ƙwarai, kuma baƙina kan fito shiru.

A kasuwar Darajani kuwa ciniki ba ya yi musu wuya, don kunnen Bahaushe yana kama kalmomin Swahili irin su habari da asubuhi da karafuu, wato kanumfari, wanda kowa ke cika jaka da shi na tsaraba. Bayan magariba nakan kai su Forodhani, filin shaƙatawa na bakin teku, cin gasasshen kifi, washegari mota ta ɗauke su zuwa Nungwi, wurin shaƙatawa na bakin teku a arewacin tsibirin.